Ranar Da Na Ja Wa Baba Sanda A Cikin Gure

Na tsufa, har sunayen jikokina sai na tsaya na yi tunani kafin in kira su. Amma akwai yini guda da bai taɓa dusashewa a zuciyata ba, kuma na san da shi za a kai ni makwancina. Shi ne yinin da na ja wa mahaifina sanda muka zaga garin Gure.

Zamanin kwamanda ne, wato Baturen da ke mulkin garin, 'yan shekaru kafin babban yaƙin Turawa na biyu. Mahaifina shi ne sarkin maginan garin. Gure gari ne da rairayi ya fi laka yawa, mafi yawan mutane a ɗakunan kara suke, don haka duk soron da ka gani tsaye, hannunsa ne. Daga Kelle da Gamu, har daga Damagaram, ake aiko masa da raƙumi a ɗauke shi aiki. Amma a lokacin da nake ba da labari idanunsa sun riga sun tafi. Yayyena maza biyu suka riƙe sana'ar, shi kuwa yana zaune a zaure, yana bin duniya da kunne. Ni ina aure a unguwar, da goyo a bayana, kullum nakan leƙo in gaishe shi.

Daminar wannan shekara ta zo da ruwan da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Kwana da kwanaki ana zubawa. Katangu suka kwanta, ɗakuna suka zube, kwari ya cika ya shanye lambuna. Da ruwa ya ɗauke, wani baƙo mai jaki ya tsaya ƙofar gidanmu neman abin sha. Bai san wanda ke zaune gabansa ba, sai ya ce, "Garin nan naku ya ƙare, tsoho. Ba ginin da ya tsira. An ce ma ɗaki ya danne wata mata da 'ya'yanta."

Da yayyena suka dawo Baba ya tambaye su, suka ce, "Lafiya lau, Baba, komai na nan yadda ka bar shi." Saurin da suka yi wajen amsawa shi ya ɓata abin. Daga ranar ya juya fuskarsa bango, ya daina cin abinci. Da na durƙusa ina roƙonsa, ya ce mini, "Suna ɓoye mini don na makance. In gini ya danne mutum a garin nan, ni na danne shi. Da wane baki zan ci tuwo?"

Na ga yana ramewa a gaban idona. Na ce wa yayyena zan fita da shi ya taɓa gine-ginensa da hannunsa. Babban ya haɗe rai ya ce, "Sarkin magina za ki ja cikin kasuwa kowa na kallo?" Ƙaramin ya jawo ni gefe ya gaya mini abin da suke tsoro. Zauren Bulama, wato mai garinmu, ya tsage. Shi ne ginin da Baba ya fi so duk cikin aikinsa. "In ya sa hannu a wannan tsagar," in ji shi, "gawarsa za ki dawo mana da ita." Na ce a raina, to, sai in kauce wa wannan hanya.

Da hantsi na ɗaura masa rawani, na gyara goyona, na kama kan sanda ya kama gindinta, muka fita. Rairayi jiƙaƙƙe yana nutsewa da mu.

Muka fara da rumbun wani mai fataucin dabino a bakin kasuwa. Na ɗora hannunsa kan bango. Ya shafa daga ƙasa zuwa iyakar tsawonsa, ya ƙwanƙwasa da yatsa yana saurare, sannan ya lakato ƙasar ya ɗanɗana. Ya ce, "Babu kanwa mai cin gini. Lakar gabas ce, na sa an ɗauko ta da jakuna duk da nisa. Wannan zai ga jikokinki." Mai rumbun ya fito da gudu, ya kama hannunsa biyu ya ce ko ƙwayar dabino ɗaya ba ta jiƙe masa ba. Baba ya ce, "Madalla," amma fuskarsa ba ta saki ba.

Muka hau tudun bariki, inda ya gina wa kwamanda ɗakin ajiya. Gardin, wato mai tsaron ƙofar kwamanda, ya gane shi, ya sauke bindiga ya ba mu hanya. A nan ma bango na tsaye. Muna saukowa na lura ba mu kaɗai ba ne. Mata masu tallan nono, da mahauta, da wasu tsofaffi, sun biyo mu a hankali. Abin da yayana ya ji wa kunya, sai ga shi ya zama rakiya. Na ɗaga kai na daina kallon ƙasa.

Daga nan muka isa masallaci. Ni ban taɓa shiga can ciki ba sai ranar, liman da kansa ya ce in shigo da shi. Na ɗaga ido na ga rufin ya lanƙwasa sama kamar an kife babbar ƙwarya, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Na tsaya baki buɗe. Na girma ina ganin Baba da laka a ƙafa, ban san abin da yake yi da ita ke nan ba. Ga tabarmi da tukwane ko'ina, don waɗanda ɗakunansu suka faɗi nan suka fake tun farkon ruwa. Wata mata Bamanga, 'yar wata ƙabila ta yankinmu, ta taso da jariri a hannu, ta durƙusa gabansa. Ita ce wadda aka ce ɗaki ya danne. Ɗakin kara ne ya faɗi, ta tsere da 'ya'yanta zuwa masallaci da tsohon ciki, a nan ta sauka. Ta ce da Hausarta mai nauyi, "Baba, ƙarƙashin rufinka na haihu. Ruwa bai ɗiga mana ba." Ta sa masa jaririn a hannu. Ya riƙe shi ya daɗe, hawaye na bin gemunsa. Ni ma na kasa riƙe nawa.

Na zaci mun gama. Na ce, "Baba, rana ta yi, mu koma gida ka huta."

Ya ce, "Saura zauren Bulama."

Na ce, "Ka gaji. Gobe ma rana ce."

Ya juyo da fuskarsa inda muryata take, ya ce a hankali, "Ke ma, 'yar nan?"

Ban iya ci gaba da ɓoye masa ba. Na ja sanda muka nufi can. Muka tarar Bulama yana ciki da dattawansa suna sauraron ƙara. Baba ya gaishe su, ya saki sanda, ya bi bango da tafin hannu. Bai daɗe ba yatsunsa suka faɗa cikin tsagar. Ya bi ta sama har inda hannunsa ya kai, ya zura yatsu ciki. Na matsa kusa don in tare shi idan ya faɗi.

Bulama ya ce, "Ruwa ne, sarkin magina. Ba laifinka ba ne."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan da ya doki nan shi ya doki masallaci. Wannan aikina ne. Shekarar da na gina shi damina ta matso, na ɗora azara kafin bango ya gama bushewa. Ya rufa mini asiri shekara da shekaru, yau ya gaji." Sai muryarsa ta canza, ta koma irin wadda na sani tun ina ƙarama, wadda ake ji daga kan gini har bayan gari. "Kowa ya fita yanzu. Wannan gefen ba zai ɗauki wani ruwan ba. A kira mini 'ya'yana, su zo da kututturen goriba a tokare."

Bulama ne ya fara ɗaukar buzunsa ya fita. Yayyena suka iso suna haki. Aka shimfiɗa wa Baba tabarma a inuwa, ya zauna yana ba da umarni, a sa nan, a cire can, mutanen gari na ɗauko itace ba wanda ya sa su. Can ya ce, "Ina 'yar nan? Yunwa nake ji." Na tafi gida da gudu, goyona na kuka, ni ina dariya.

Kafin rani ya ƙare an warware wannan gefen an sake shi, yana zaune yana taɓa kowane tubali kafin a ɗora. Ya ƙara shekaru a duniya bayan haka, kuma bai sake juya fuskarsa bango ba.

Mutane in sun tuna ranar, masallacin suke ambata da jaririn. Ni kuwa abin da na fi alfahari da shi, tsayuwarsa ce gaban tsagar nan, gaban Bulama da jama'a, ya ce aikinsa ne. Mu da muke ƙaunarsa mun kusa kashe shi da lallashi. Tun daga ranar na gane cewa in kana girmama mutum, ba ka ɓoye masa gaskiya don tausayi. Ka kai shi gabanta, ka tsaya kusa da shi. Sau da yawa ya fi ƙarfin abin da kake jiye masa tsoro.