Iyakar Gona a Bakin Baba Yamusa

Shekara talatin da ɗaya Baba Yamusa yana magatakardan dagacin Tungan Ƙwarya, wani ɗan ƙauye a gefen hanyar Abaji. Ya yi zamani da dagatai uku. Ba ya noma, ba ya kasuwa. Sana'arsa sanin inda gonar wane ta tsaya, ta wane ta fara.

Kwatsam sai ga takarda daga ƙaramar hukuma: za a zuba iyakokin gonaki a kwamfuta, magatakarda ya je gida ya huta. Aka turo Juwairiyya, jami'ar safiyo, da na'urarta ta awon ƙasa.

"Baba, kai dai nuna min, in danna, shi ke nan."

"To 'yata, bismilla."

Ya kai ta bakin wani fili. "Gonar Meshach daga nan ta fara, daidai inda jakin kakansa ya turje ranar da aka kawo ƙararrawar coci."

"Ina alamar?"

"Jakin? Ai ya daɗe da mutuwa."

Meshach na jin sunansa ya taho da gudu. "Madam, kar ki rubuta! Gindin ɗorawa ne!"

"Wace ɗorawar?" in ji Baba. "Wadda tsawa ta faɗa wa, ko wadda Saleh ya sare ya ce iska ce?"

Saleh, maƙwabcin gonar, ya ɓullo daga cikin doyarsa yana rantse-rantse. Kafin azahar mutum goma sha huɗu ke tsaye a kan kunya ɗaya, kowa da kakansa a baki. Baba Yamusa kuwa ya san iyakar sarai. Inuwa ya samu ya zauna yana ɓare gyaɗa.

Da aka fara ɗaga fartanya za a yi faɗa, Juwairiyya ta durƙusa gabansa. "Baba, don girman Allah."

Ya miƙe da ƙyar, ya yi taku tara, ya caka sandarsa a ƙasa. Ƙarfe ya amsa. Tsohuwar galma ce da kakanni suka binne don shaidar iyaka, tun Abuja tana daji. Juwairiyya ta juyo gare shi.

"Baba, irin wannan nawa ne a garin?"

"Kowace gona da tata. Sai dai tsufa, 'yata. Ɗaya nake iya tunawa a mako."

Ta dubi gonakin da suka miƙe har gindin dutse, ta dube shi. A rahotonta ta rubuta cewa aikin ba zai yiwu ba sai da magatakarda.

Ranar Litinin ya riga kowa isa zauren dagaci, ya kakkaɓe kujerarsa ya zauna.