Fitilar da Kaka Ta Cusa a Buhu

Babana mahaƙin rijiya ne. A shekarun da aka karɓi mulkin kai, hukumar En'e ta ɗauke shi aiki, yana yawo daga Tambuwal har Kebbe yana yashe tsofaffin rijiyoyi. Shi ne ɗan farin Kaka, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta yi masa faɗa. In ta kama dole sai ta ce "wancan".

Bayan sallar isha'i muke kewaye ta a tsakar gida, ta hura wutar kara, ta tura mana gyaɗa cikin toka. Tatsuniyoyinta ba su ƙirguwa, amma akwai wata da ta ishe mu. Ba ta yin ta sai ranar da Baba ke gida, yana bayan danga yana gyaran igiyoyinsa. Ranar kuwa muryarta har maƙwabta.

Wai a gindin kowace tsohuwar rijiya akwai wata tsohuwa da ba ta cin komai sai numfashi. Shi ya sa mahaƙa ke fara zura fitilar aci-balbal cikin ƙwarya. In ta dawo da wutarta, tsohuwa ta tafi unguwa. In ta dawo a mace, tana nan, sai a yi ta zura rassan ganye ana ja har ta fice. To, an yi wani mahaƙi mai ƙarfi da gaggawa, ya ce shi ba ya da lokacin wasan fitila.

"Yas shiga," in ji Kaka. "Anka yi kira, shiru. Anka ja igiya, sai nauyi. Ɗiya nai fuɗu, wa ka ba su fura?"

Na ce, "Kaka, wagga ai kin yi muna ita shekaranjiya."

"Angon banza, kai ɗai ad da kunne gidan ga?"

Wata rana Baba ya dawo daga Kebbe tun kwanakinsa ba su cika ba. Ya zauna ya gaya wa Innarmu cewa ya tarar da aci-balbal a cikin buhun kayansa, ba shi ya sa ta ba. Don kunyar mai ita ya kunna ya zura. Ko rabin igiya ba ta ci ba ta mutu. Ya je ƙofar ɗakin Kaka ya durƙusa ya daɗe. Ta kawar da kai, ta ce da ni, "Gaya ma wancan ruwan wanka nai na hucewa." Daren nan idonta bai daina ruwa ba, ta ce hayaƙi ne.

Sai da na girma Gwaggo, ƙanwar Baba, ta gaya mini cewa mahaƙin nan mai gaggawa kakanmu ne.

Na yi rayuwar aikina ina kula da lafiya da kariyar ma'aikata a masana'anta. Muna da na'urar gwada iska, tsohuwar nan ta gindin rijiya ma, wato gurɓatacciyar iska, na san sunanta na boko. Amma tsofaffin ma'aikata ba sa son a koya musu aiki, kuma yawancinsu sun haife ni. Sai in kira sabon ɗauka gefensu, in ɗaga murya, in ba shi labarin rijiya. Kafin in gama sai in ga dattijo ya miƙa hannu ya ɗauki na'urar.

Allah ya jiƙan Kaka, ban san da bakin da zan gode mata ba. Baba ya rayu har ya raɗa wa 'yata ta fari sunan Kaka. Ni ma ga shi yanzu ba na iya kiran sunan.