Alewar Rediyo

'Yar goggona, Rediyo muke ce mata, don tun tana goye ba a gano inda ake kashe ta ba. Ko barci take, bakin na bakin aiki. Ranar da ta samu aiki a gidan gyaran halin yara, wai aikin sauraro, goggo sai da ta riƙe ciki don dariya.

Aikin kuwa, duk yaron da aka kawo sai ta zauna da shi ta tambaye shi: yana samun barci? Yana mugun mafarki? Me ke firgita shi? Da haka ake gane wanda ke buƙatar likita. Ita ta san cutarta, sai ta nemo magani: in ta yi tambaya ta jefa alewa a baki, ba ta ƙara cewa uffan sai ta narke.

Rannan aka kawo mata wani yaro, Dutse ake ce masa don ba ya magana. Ya fasa wa wani gandiroba hanci, shugaban gidan kuma ya rantse in ba a ji dalili ba, ɗakin kaɗaici zai kai shi.

Ta bar ƙofa a buɗe, ta ce ya zaɓi kujera. Ya ja ta kusurwa, ya manna bayansa da bango.

"Ɗana, me ya faru kafin ka kai naushin?"

Alewa ta shiga. Maganganu suka cunkushe mata a maƙogwaro kamar fasinja a ƙofar mota, ta ji kamar ta taune alewar ta huta. Ta daure.

Can ya ɗago. "Anti, ke kaɗai za ki sha?"

Ta miƙa masa ɗaya. Ya yi ta juya ta a hannu.

"Ta baya ya dafa ni. Mijin babata ma ta baya yake zuwa, da wayar wuta. Ni ban ga gandiroba ba, shi na gani."

Tata ba ta narke ba, don haka ta gyaɗa kai kawai. Dutse fa ya ɓalle da zance, har sai da ta ƙara alewa ta biyu.

Bai shiga ɗakin kaɗaici ba. Likita yake gani duk mako, ma'aikata kuma aka ce ta gaba za su riƙa tunkararsa.

Da goggo ta ji labari, ta sayo alewa leda guda ta ajiye a falo. Rediyo ta tura ledar gefe.

"Haba Inna, wannan ai ta wurin aiki ce. Zauna ki ji sauran."