Ci, An Riga An Biya

Shekarun baya, lokacin da maigidana yake karatu a Riyad, muna zaune a wani tsohon bene a unguwar Al-Ud, ɗaki biyu da ɗan kicin ɗin da in ka shiga sai dai ka fito da baya. Ina amarya ya ɗauko ni daga Zariya. Ban san kowa ba, Larabcina kuma bai wuce na Islamiyya ba, irin wanda in na yi wa mai kanti sai ya yi murmushi ya ce in sake faɗa.

A shekararmu ta biyu na haihu, yaron bai zo da rai ba. Namiji ne. Maigidana da abokan karatunsa suka kai shi maƙabartar Al-Ud, wadda katangarta ba ta da nisa da gidanmu. A can mata ba sa shiga maƙabarta, kaburbura kuma ba a rubuta musu suna. Mahaifiyata ta so ta zo, biza ba ta samu ba. Sai dai waya, ta yi kuka in yi kuka har kuɗin waya ya ƙare.

Ban yi ta kururuwa ba, ban fasa komai ba. Abinci kawai na daina ci. Maigidana zai sayo gurasa da gasasshiyar kaza ya ajiye a gabana, ya zauna yana karanto mini ayoyin haƙuri. Duk na san su, duk kuma gaskiya ne, amma abincin ba ya ciyuwa. In na yi loma biyu sai in ce na ƙoshi, in koma bakin taga in zauna. Cikin 'yan makonni zoben hannuna ya fara zamewa da kansa.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata mata ce 'yar Maraɗi, ta haura hamsin. Girki take yi a gidan wasu Larabawa, mijinta kuma gadi yake a wani bene a unguwar Murabba. Kowa a gidan Inna yake ce mata, ni ma haka na taras na bi. Ita ta dafa mini ruwan wankan jego, ita ta riƙa dama mini kunun kanwa, kunun ya yi ta hucewa a kofi ban taɓa ba. Ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Takan ɗauki kofin ta leƙa ciki, ta yi tsaki ta fita.

Wata Talata bayan la'asar, ana tsakiyar zafin nan na Riyad da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, ta shigo ko sallamarta ban gama amsawa ba.

"Ke ɗiyata, tashi ki sa abaya. Wata asara ce ta taso mini."

Na ce, "Subhanallahi, Inna, me ya faru?"

Ta ciro wasu katuna biyu daga jaka ta ajiye mini a cinya. Na malahi ne, wato wurin wasannin nan mai liluka da jirage. Uwar ɗakinta ta saya wa 'ya'yanta mata na bazarar gaba ɗaya, sai tafiya waje ta kama su, ta ba Inna. Duk ranar da ka shiga da katin kana da abinci guda, da abin sha, da kayan zaƙi. Ranar Talata kuma ta mata ce zalla.

"An riga an biya," in ji ta. "Ni kaɗai ba ni iya cinye na mutum biyu. In muka bar shi, masu wurin sun ci banza ke nan. Ki taimake ni mu tahi."

Da cewa ta yi in fito in sha iska, da na ce kaina na ciwo. Amma babba ta ce a taimake ta, da wane baki zan ƙi? Na sa abaya na bi ta. Wani ɗan garinsu mai mota ya kai mu, tun a hanya tana ƙorafin cewa kuɗin motar ma sai mun fanshe shi a cikin abinci.

Muna shiga na gane na yi kuskure. Ko ina ka duba yara ne. Mata sun tuɓe abayoyi sun rataye a hannu, suna tura kekunan jarirai, fitilu na walƙiya, kiɗan liluka na tashi ta ko'ina. Na ce, "Inna, mu koma." Ta yi kamar ba ta ji ba, ta ja hannuna zuwa rumfunan abinci tana ba ni darasi.

Wai kada in kuskura in karɓi burodin nan mai ɗan nama a tsakiya, abincin yara ne, loma uku ya ƙare. Kabsa za mu karɓa, shinkafa da rabin kaza. Kuma ba yanzu ba, sai dab da magariba, lokacin da za su rufe rumfa don salla, don a lokacin masu zubawa ke sakin hannu. Lemon kwalba ba namu ba ne, na mangwaro da ake matsewa a gabanka ya fi tsada, don haka shi za mu sha. Kayan zaƙi kuwa a bar shi sai za a fita, cikin ya ɗan sauka.

Haka aka yi. Ta tsaya gaban mai zuba abincin, wata 'yar Sudan, ta riƙa ce mata "Ziyada, habibti, ziyada," wato a ƙara, har shinkafa ta yi tozo. Muka samu benci. Ta buɗe jaka ta fito da wani ɗan gwangwani na yajin ƙuli da aka aiko mata daga gida, ta barbaɗe mini kazar.

"Ci. An riga an biya."

Ƙamshin yajin nan ne ya fara karya ni, don rabona da shi tun Zariya. Na ci cinya. Na tsaya. Ta ce fiffiken fa, wa na bar wa? Na ci fiffike. Ranar ban kai rabin faranti ba, ta kwashe sauran a leda tana mitar cewa na ja mata asara, sai mun dawo mun rama.

Muka koma Talatar da ta biyo, da wadda ta bi ta.

A zuwanmu na uku ne wata Balarabiya da ke zaune kusa da ni ta miƙo mini jaririnta, ta ce in riƙe mata minti ɗaya ta ɗora yayarsa a lilo. Na karɓe shi. Yaron bai fi wata biyu ba, yana ƙamshin madara, ya kama yatsana ya riƙe. Da uwar ta dawo ta karɓe shi, sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji, ba ya fita ba ya komawa. Na kasa kuka, na kasa numfashi sosai.

Inna ta dube ni, ta dubi wani jirgi da ke can gefe, irin mai hawa sama a hankali ya sulalo ƙasa da gudu, wanda tun zuwanmu na farko nake jin ihun matan da ke cikinsa.

"Tashi ki hau wancan."

"Inna, ni? Wallahi ko lilon ƙofar gida tsoro nake ji."

"Yana cikin kati. Kuma can sama kowa ihu yake, ba mai tambayar wani mi ya same shi."

Na miƙa mata abayata na hau. Aka danne mu da ƙarfe, jirgin ya fara hawa yana ƙas-ƙas-ƙas, har na hango fitilun gari sun fara kamawa. Da ya sako kai ƙasa na buɗe baki don tsoro, amma abin da ya fito ba na tsoro ba ne. Na yi ihun da ban yi a asibiti ba, wanda ban yi ba ranar da aka fita da ɗana a naɗe cikin farin ƙyalle. Na kira shi da sunan da na tanadar masa, wanda ko maigidana ban taɓa gaya wa ba. 'Yan matan da ke gefena suna ta ihunsu suna dariya, ba wadda ta waiwayo.

Na sauko fuska jage-jage da hawaye da majina. Inna tana tsaye a bakin shinge riƙe da abayata. Ta miƙo mini gefen mayafinta na share fuska.

"Kin gama, ko ki ƙara? Ba a biyan na biyu."

Na ƙara. Da na sauko ta ce mu yi sauri, an kusa kiran salla, shinkafa za ta wuce mu. Ranar na cinye farantina tas, har na sa hannu a nata.

Daga nan fa abin ya zama sai addu'a. Ɗaliba ta fi malama. Ni na gano cewa in ka ce ba ka son kayan zaƙin rumfar shinkafa, za su buga maka hatimi ka karɓi askirim babba a wata rumfar. Ni na fara hana kaina abincin rana duk ranar Talata don in je ciki ba komai. Na koyi Larabcin ciniki a bakin rumfunan nan fiye da wanda na koya a aji. Wata rana har musu na yi da mai matsa mangwaro kan cewa ƙanƙara ta fi lemon yawa a kofina, Inna tana bayana tana dariya har da riƙe ciki. Kafin bazara ta ƙare abayar da nake iyo a cikinta ta fara kama ni a hammata. Maigidana ya ce in dai haka ne, masu malahin nan su ne da asara.

Ita kuwa Inna, mai wa'azin kada a bar ko ƙwayar shinkafa, ba ta cika cin nata ba. Takan ɗan taɓa kazar, ta tura mini sauran ko ta ƙulle wa mijinta a leda. Na ɗauka ta gaji da abincin Larabawa ne, tunda shi take dafawa kullum.

Katin ya ƙare, rayuwa ta ci gaba. Na sake samun ciki. Da hutun bazara ya zagayo muka shirya zuwa gida ni da maigidana, don in haihu kusa da mahaifiyata. Inna ce ta ɗaure mini kaya. Ranar tafiya mota na jira a ƙasa, maigidana yana ta kira, na tsaya a ƙofarta a gurguje na ce, "Inna, sai mun dawo." Ta ce, "Ki kawo mini shi in gani, ko ita. Ki ci abinci hwa." Iyakar sallamarmu ke nan.

Na haifi mace, lafiya lau. Tun a gadon asibiti na ce wa maigidana sunan Inna za a sa mata. Ya ce to, mene ne sunan nata? Shekara biyu muna ƙofa da ƙofa, ta wanke ni, ta ciyar da ni, ban san sunanta na yanka ba. Kunya ba ta bar ni na tambayi babba sunanta ba, kuma ban taɓa zaton zan buƙace shi ba. Muka kira layinta, a kashe. Muka yi ta kira har ranar suna, a kashe. Aka sa wa yarinya sunan mahaifiyar maigidana.

Da muka koma Riyad, wasu 'yan Pakistan muka taras a ɗakinta. Lokacin an tsananta binciken iƙama, wato takardar izinin zama. Maƙwabta suka ce mijinta ya samu matsala da kafil ɗinsa, Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, aka ba su 'yan kwanaki su bar ƙasar. Wani ya ce Maraɗi suka koma, wani ya ce wani ƙauye ne a kusa da ita, ba wanda ya san sunansa. Ɗan garinsu mai mota shi ma ya tafi.

Ina zaune ina kuka a kan wannan ne maigidana ya gaya mini abin da ban sani ba. Ashe kafin ta zo da katunan nan ta tare shi a matakala, ta ce masa, "Malam, karatunka na da kyau, amma wannan ba aikinka ba ne. Ka bar mini ita ranar Talata." Ashe musanya ranar hutunta ta yi don ta dace da ranar mata. Kuma ciwon suga gare ta, shinkafar da mangwaron duk an hana ta. Mijinta ne ya gaya masa a masallaci.

Na sha jin mutane suna cewa sun ci ribar wani abu da suka biya. Ni dai ban san wanda ya ci ribar kati kamar yadda na ci ta wannan ba, kuma ko sisi ban biya ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ban taɓa zama na dube ta na ce na gode ba. Na yi ta gode mata a kan kunu da ruwan zafi, irin godiyar da ake yi a wuce. Ta babban abin kuwa na ajiye sai na dawo, don a lokacin gani nake mutanen da ke kusa da kai kullum suna nan. A ƙasar da kowa baƙo ne, ba haka abin yake ba. Ko hotonta ba ni da shi.

Mun dawo gida da daɗewa. Har yau in na haɗu da mutumin Maraɗi, a kasuwa ko a asibiti, sai na tsaya na kwatanta masa ita: doguwa, mai wushirya, ta yi aikin girki a Riyad, mijinta mai gadi. Sukan saurare ni da ladabi, sannan su yi mini tambayar da ta dace, "Hajiya, mi ne ne sunanta?"

In kuna da irin wannan mutumin a kusa da ku, ku tambayi sunansa da na garinsu tun yau, kunyar ba ta kai wannan ciwo ba. Inna kuwa, in tana raye Allah Ya ba ta lafiya, in ta riga mu Allah Ya haskaka kabarinta. Shi dai Ya san sunanta.