Magadan Ɗakin Goggo Tsaf-tsaf

A gidan hayar nan mai hawa biyu, ko makaho ya san ƙofar Goggo Tsaf-tsaf, don tun daga matakala warin maganin wanke asibiti zai tare shi, irin warin nan da ke sa mai lafiya ya fara jin zazzaɓi. Shara da goge-goge ta yi wa asibiti tun tana budurwa har kanta ya yi fari fat. Da aka sallame ta, sai ta kwaso halin ta dawo da shi gida. Mijinta, Allah ya ji ƙansa, har ya koma ga Mahalicci bai taɓa zama a kujerar falonsa da wandon da ya fita da shi ba. In ta ara maka cokali, kada ka wahalar da kanka wajen mayarwa, ta riga ta yafe. Ƙuda ɗaya ya yi kuskuren shiga ɗakinta, bin sa take kamar ya zagi mahaifinta.

Ɗa ɗaya gare ta, direban babbar mota, kullum maganarsa guda: "Inna, kin tsufa, ki dawo wurinmu." Ita kuwa sai ta taɓe baki. "In zauna inda yara ke cin abinci da hannun da suka ja majina? Ɗakina ya ishe ni." Ɗakin nan shi ne mulkinta. Ranar da ta rasa shi, sai gidan suruka, ta kuma sani.

Ana gab da damina ƙanwarta ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu, a wani gari mai nisa. Goggo ta ce za ta je jinya ta kwana biyu. Kafin ta tafi ta yi wa ɗakin wankan gawa. Ta wanke katifa, ta wanke kujerun kushin, ba ta jira sun gama shan iska ba ta naɗe su da leda kada ƙura ta taɓa su. Ta liƙe tagogi da salatif. Ta kashe firji ta rufe shi gam. Ta cika bokitai da ruwa, wai tana dawowa ta kama goge-goge ba sai ta jira famfo ba. Telan da ke ɗakin kusa da ita ya ce ta bar masa makulli ya riƙa buɗewa iska na shiga. Ta dubi faratansa, ta jefa makullin a jaka.

Kwana biyu ya zama damina guda.

Ranar da ta dawo, ƙofar ta kumbura ta ƙi buɗuwa, sai da tela ya sa kafaɗa. Abin da ya fara fitowa wari ne, mai nauyi, mai ɗumi, kamar an buɗe bakin mataccen jaki. Tela ya ja da baya yana salati. Goggo ta toshe hanci da mayafi ta shiga.

Silin ya yi ciki ya fashe, tantabaru sun shigo ta rufi sun yi gari a kan kwaba, kashinsu ya zubo har ƙasa kamar an yi fenti. Cikin ledar katifa fumfuna ta yi gashi, baƙa da kore, ga naman kaza jere a gefe kamar an shuka. Buhun waken da ke bayan ƙofa ya sha yoyo ya tsiro, farare sol, sun miƙe suna laluben taga. Bokitan nan nata sun koma gidan haihuwar sauro. Ruwan masai ya ƙafe, ɓeraye suka samu titi, har wata ta haihu cikin akwatin zannuwanta na fita, 'ya'yan jajaye, tsirara, suna motsi. Firjin kuwa, da ta buɗe shi, ta mayar ta rufe. Har yau ba ta gaya wa kowa abin da ta gani ba.

"Goggo, ashe 'yan haya kika zuba ba ki gaya mana ba?" in ji tela daga bakin ƙofa. "Ga na sama, ga na ƙasa, har da mai jego!"

"Rufe min baki, ɗan ƙazama."

"Ni ne ƙazamin? Ni dai ba a taɓa girbe wake a ɗakina ba. Wallahi Goggo, kin nuna mana ƙarshen duniya kyauta. Ranar da ɗan Adam ya ƙare, haka ko'ina zai koma."

Maganar ta zauna mata a ƙirji kamar ɗanyen tuwo. Tana kankare bango tana ganin asibitinta a zuci, ba kowa: jemagu na reto a ɗakin tiyata, kwaɗi na kuka a ɗakin haihuwa, gansakuka ta rufe barandar da ta ƙarar da gwiwoyinta tana gogewa. Ashe duk shekarun nan ba korar su ta yi ba. Gefe suka koma suna jira ta juya baya.

Ta yi yaƙi, wannan kam ba mai hana ta. Ta ƙone katifa, ta zubar da kujeru, ta sa aka fitar da firjin a ɗaure da igiya kamar mahaukaci. Ta wanke bango da maganin asibiti har fatar hannunta ta saɓule, ta sa aka yi sabon fenti. Ba a jima ba baƙaƙen ɗigo suka huda fentin suka leƙo. Ta sake gogewa, suka sake fitowa, har da 'yan uwansu. Gara ta cinye katakon taga ta bar fenti kawai a tsaye. Sai tari ya kama Goggo, irin mai sa maƙwabta su ajiye cokali.

Da ɗanta ya zo ya ji tarin, ya ɗaga kai ya ga silin, bai yi doguwar magana ba. "Inna, ɗauko mayafinki."

"Saura kaɗan in gama da su."

"Su ne saura kaɗan su gama da ke. Tashi mu tafi."

Ta dubi bangon, bangon ya dube ta da idanunsa dubu. Ta tashi. Abin da ya tsira bai fi ƙunshi ɗaya ba: tukwane biyu, buta, da 'yan zannuwan da ta tafasa. Ta hau gaban motar ta rungume ƙunshin a cinya, ba ta yi wa kowa sallama ba. Tela na ɗaga hannu yana cewa zai gaishe mata da mai jego.

Sun hau titi ke nan wani ƙaton kyankyaso ya fito daga bakin ƙunshin, ya tsaya a kan gwiwarta yana kaɗa gashin baki. Goggo ta cire takalmi a hankali, ta ɗaga. Sai ta ga ƙunshin yana motsi.