Makullan Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, bai iya zama ba. Ko a gidan gaisuwa, kafin a shafa addu'a ya miƙe yana karkaɗe riga. Tun tasowata sana'arsa ke nan riƙe wa mutane makullai. Shi ke buɗe ƙofar layin shaguna da safe, da ɗakin injin ruwa, da sito-siton bayan kasuwa, wanda zai yi tafiya ma shi yake bar wa makullin gida. Duk ya zuba su a wani zoben ƙarfe, kafin ka gan shi ka ji shi, har yara suka sa masa Kacau-kacau. Tun da matarsa, Inna, ta rasu kuwa, rashin zaman ya ƙaru, gidan ma sai barci ke kai shi.

Ni gyaran babur nake yi, wayarin, wato aikin wayoyin wuta, shi ne ɓangarena, kuma ba yabon kai ba, ba kasafai waya ke raina ni ba. Baburin Kawu ne ya so ya zubar min da mutunci. Yana cikin tafiya sai wuta ta ɗauke ɗif, inji da fitila da hon gaba ɗaya. Ya gangara gefen titi, ya murɗa makulli, ya buga, ta dawo kamar ba a yi komai ba. Wani lokaci ya kwana biyu lafiya, wani lokaci kafin ya isa kasuwa ta ɗauke.

Duk zuwan da zai yi rumfata, sai ya sa farce ya ɓalle makullin babur daga zoben ya miƙo min, sauran ya jefa aljihu.

"Amanar mutane ba ta barin jikina, ɗan nan."

Na duba kan batir, na kankare shi na ɗaure. Na canja fis, na canja filogi, na bi wayar da ke kama jikin ƙarfe. Na hau na bi da shi hanyar da ta fi kowacce ramuka, har haƙorana na haɗuwa. Ko tari bai yi ba. In miƙa masa da yamma, washegari in jiyo kacau-kacau daga nesa yana turo shi, gumi sharkaf.

Ana haka baburin ya mutu masa a tsakiyar mararraba, babbar mota na biye da shi. Allah ne ya kiyaye, direban ya taka birki har tayoyi na hayaƙi. Ranar babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya same ni a rumfa ransa a ɓace.

"Kai ka duba ba ka ga komai ba, ko ba haka ba?"

"Ban gani ba tukuna."

"To ba babur ba ne, Baba ne. Ko jiri ke ɗibarsa, ko hannunsa ke taɓa wani abu bai sani ba. Girma ya kama shi. Ƙarshen makon nan zan karɓe baburin, ya mayar wa mutane makullansu ya zauna a gida."

Ban ga laifinsa ba, tsoro ne ya kama shi. Amma maganar ta ci ni, don kasawata ce ta zama shaida a kan Kawu. Mutumin da ba ya iya zaman shan shayi, a ce ya wuni kan tabarma yana kallon masu wucewa? Wannan ai binne shi ne da ransa.

Na ture aikin kowa gefe. Na sauke tanki, na warware wayoyin kaf, ina bin su ɗaya-ɗaya da yatsa ina lanƙwasawa ko zan ji wadda ta karye a ciki. Abinci ya huce a kwano. Kawu kuwa sai kai-komo yake a gaban rumfa, ya ɗauki sifana ya ajiye, ya leƙa titi ya dawo. Can ya tsaya a kaina.

"Ɗan nan, ko dai ni ɗin ne?"

Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Na mayar da komai na ɗaure, na ce, "Kawu, yau kai za ka ja, ka goya ni."

Ya karɓi makullin, ya mayar da shi cikin zoben, ya zura. A lokacin na fara ganin baburin yadda yake tafiya a hannun mai shi. Tulin makullai na reto a wuyan baburin, suna dukan gaban tanki, daidai inda fenti ya goge. Sau nawa na ga wannan gogewar ban tambayi kaina ba! Ramin farko da muka faɗa, zoben ya yi sama ya dawo da ƙarfi, wuta ta ɗauke ɗif. Na miƙa hannu ta saman kafaɗarsa na tallabe makullan, ƙaramar fitilar gaba ta kawo. Na saki, ta mutu.

Nauyin ne ya cinye cikin gidan makullin a hankali, shekara da shekaru. Ni kuma kullum makulli ɗaya tal ake ba ni, yaya za a yi in gani? Dariya da haushi suka haɗe min, na zauna a bakin titi ina ta tafa hannu.

Na kira Yaya, na ce ya tallaba da hannunsa. Ya ɗaga, ya saki, ya sake ɗagawa. Sannan ya juya wajen Kawu.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Haƙurin me? Matsa min, ban rufe sito ba."

Na sa sabon gidan makulli, na ce wa Kawu ya rage makullan da ba sa aiki. Ya zauna, abin da ban saba gani ba, yana jan su ɗaya-ɗaya. Wannan na shagon da aka rushe ne. Wannan mai shi ya yi tafiya bai dawo ba, amma wa ya sani? Ko ɗaya bai cire ba. Ƙarshe muka ɗaura zoben a ƙugunsa da igiya, makullin babur shi kaɗai. Ya buga ya tafi.

Ban gama wanke hannu ba sai ga shi ya dawo.

"Ya sake mutuwa?" na tambaya.

"Lafiyarsa ƙalau. Gabansa ne ya yi min fayau, babu makullai."

Ya sa farce ya ɓallo wani ɗan mitsitsin makulli da ya yi baƙi don tsufa. Na gane shi, na akwatin Inna ne.

"Wannan zai ɓata maka aiki?"

Na auna shi a tafin hannuna. "Ba zai ɓata ba, Kawu."

Ya haɗa shi da na babur ya zura, ya gyara zama.

"Tun tana raye ba ta yarda in fita in bar ta a baya."