Hannun Kawu Aisami

Kawuna Aisami wanzami ne a Gure. Gidaje da yawa a unguwarmu shi ya yi wa iyaye askin suna, ya kuma yi wa ƴaƴansu. In ya kafa wa mutum ƙaho yakan ce, "Jiki sai an ɗan cuce shi yake tuna aikinsa." Da ƙafa yake zuwa ƙauyukan Bune, ko da mota ta tsaya masa.

Na dawo daga jami'a a Yamai a 1995, ba aiki, na tarar ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Infirmiyen asibiti ya ce a riƙa motsa hannun, wataƙila ya dawo. A lakkwal, can jami'a, an koya mana cewa ƙwayoyin jiki suna ƙara kariya in aka ɗan wahalar da su. Na gaya wa Kawu.

"Yamai ka je kafin ka ji wannan? Da ka tambaye ni."

Ƴarsa Habsu tana da tsohon ciki, kuma ya ce shi zai aske jikansa. Kullum da hantsi ina riƙe shi mu hau tudun yashin bayan gari, yana jan ƙafa. Ya matsa ƙwallon tsumma, a gasa masa hannun da ruwan ɗumi, wani wanzami, Isa, ya zo ya kafa masa ƙaho a kafaɗa. Daga baya ya fara gwada aska a bayan ƙwarya. Yatsu biyu suka motsa. Na ɗauka mun ci nasara.

Ranar suna aka shimfiɗa tabarma, wata tsohuwa ta tallafo jaririn. Kawu ya jiƙa ɗan kan da hannun hagu, ya ɗaga askar da dama. Hannun ya kama rawa. Ya jira, bai daina ba.

Daga ɗaki Habsu ta ce, "Baba," a hankali.

Ya daɗe yana kallon maɗigar yaron tana bugawa. Sai ya miƙa wa Isa askar.

"Ka bi ta nan sannu, fatar ba ta da kauri."

Washegari na zo mu tafi tudu, na same shi kwance, fuska a bango.

"Kawu, in muka daina, hannun zai sandare."

"Bar shi, ɗan nan. Wannan cutar ba kaɗan ba ce."

Zabirarsa ta kayan aski tana rataye a ƙusa. Har yanzu ina zuwa da hantsi, in zauna bakin ƙofa, bai tashi ba.